Gwaggonki Ba Cikas Ba Ce

"Mama, ki bar maganar nan. Gwaggo ba ta da aiki sai kawo wa mutane cikas. Gobe zan tafi, kuma ba zan bi ta gidanta ba."

Da wannan maganar kika bar ni jiya da la'asar, kina ninke zannuwa cikin akwati ko ɗago kai ba ki yi ba, shi ya sa na fara da ita kafin gaisuwa. Yanzu ga gaisuwar. Assalamu alaiki, Ɗiyar Hajiya. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma fushin jiya bai tashi tare da ke ba. Allah ya kai ki Badaguishiri lafiya, ya tsare ki a hanya da inda za ki sauka, ya sa wannan aiki ya zama mafarin alheri gare ki da mutanen da za ki yi wa shi.

Kin san ba zan iya zaunar da ke in yi miki doguwar magana ba. Na yi jami'a, na daɗe ina koyar da harshe a nan Konni, na tsaya gaban sufeto ban ji ko ɗar ba, amma har yau bakina bai iya kiran sunan 'yar fari ba. Mun yi wa wannan al'ada dariya a Yamai, ni da ƙawayena, muka ce a kanmu za ta ƙare. Ga ni nan ina rubuta miki takarda alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. To, takarda ba ta jin kunya, kuma ba kya iya katse ta.

Bari in maimaita abin da ya faru, yadda na ji shi daga bakinki da bakin waɗanda ke wurin. Jiya da safe kin je gidan yayar babanki, Hajiya Kulu, wadda ta goya ki, don ki gaya mata an tura ki aikin gyaran ƙasa a gonakin Badaguishiri. Ta saurare ki har kika gama, sannan ta ce, "Ba ki zuwa. Ina za ki kwana?" Ke kuma kika miƙe tsaye a gaban direbobinta da matan da ke tsince mata albasa, kika ce an gaji da masu hana ruwa gudu, zamani ya wuce nan, kika ɗauki jakarki kika fito. Rashin kunyar na bar wa babanki, shi ne ƙanenta. Ni kalmar cikas ɗin nan ce ta dame ni. Kin sa wa abu sunan da ba nasa ba, kuma da wannan sunan kike shirin barin gari.

Cikas, a yadda na san shi, ba shi da fuska. Taya ta fashe tsakanin Konni da Malbaza, cikas ne. Ruwa ya cika gulbi mota ta kasa ƙetarewa, cikas ne. Ba a tambayarsa dalili, kuma ba ya jiran amsar kowa. In ma mutum ne ya kawo shi, ajiye miki zai yi ya ƙara gaba. Abin da Gwaggonki ta yi miki sunansa tarewa. Ta tsaya gabanki da rana tsaka, kowa yana gani, ta faɗi abin da ya tsayar da ita. Mai tare ki yana nan a wurin, kina iya yi masa magana.

A Alela, gidan kakanki, ba wanda ke cuɗa irin waɗannan kalmomi, don duk igiya ce kuma kowace da inda ake ɗaura ta. Jaki in aka ɗaure shi a turke, iyakar duniyarsa tsawon igiyar. In dabaibayi aka yi masa, ƙafafun gaba aka haɗe: yana tafiya, yana kiwo, sai dai ba ya nisa kuma ba ya faɗawa gonar mutane. Tarnaƙi kuwa ƙafar gaba da ta baya ake haɗewa, na ga ana yi wa doki don ya koyi taku mai kyau. Takunkumi na baki ne, don kada dabba ta ci abin da ba a ba ta ba. Ku a rediyo kuka san takunkumi, lokacin da aka rufe iyaka motocin Gwaggonki suka jeru a ƙofar gida har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinsu. Mu a bakin jaki muka san shi. Yanzu a taron bita duk an zuba su kwando ɗaya, cikas, tarnaƙi, dabaibayi, tsaiko, wanda ya fara zuwa bakin mai jawabi shi zai faɗa. Ban ce laifi ba ne, haka harshe yake tafiya. Amma wanda zai zauna da mutane yana bukatar ya san wace igiya aka sa masa, don ba hanya ɗaya ake kwance su ba.

Ni ma na taɓa kiran dabaibayi turke, kuma shekara guda ta karatu ta tafi a kan haka.

Kina goye a lokacin. Aka ba ni damar komawa Yamai in ƙarasa karatun da aure ya tsayar. Babanki ya yarda nan take, sannan ya ƙara da abin da yake ƙarawa a kan komai har yau: "Ki je ki gaya wa Yaya." A wannan zamanin Hajiya tana kan ganiyarta. Motocinta suna ɗaukar albasa da wake suna ƙetare iyaka, ita kuwa tana zaune kan tabarma a zaure, rediyo a gefe, goro a gwangwani, maza masu gemu suna cire takalmi tun daga waje. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni, ta dubi ƙafafunki da suka leƙo ta ƙarƙashin zane, ta ce, "Ba ki tahiya. Wa za ya riƙe ɗiyag ga?"

Ina da jawabi a kaina game da ilimin mata, na shirya shi tsaf, rabinsa da Faransanci. Ban samu inda zan sa shi ba. Na tashi na dawo gida na yi kuka, na rubuta wa ƙawayena cewa na yi aure a gidan da ake turke mata. Sun ji daɗin kalmar ƙwarai, ɗaya har ta sa ta cikin wani rubutu da ta yi. Damar ta wuce. Na ci gaba da gaida Hajiya gaisuwar da ba ta wuce wajibi ba, ita kuma ba ta sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya.

Sai wata rana cikin damina babanki ya aike ni da saƙo, na tarar da zaure cike, na zauna daga gefe ina jira. Ba ni da abin yi sai kallo. Wani direbanta, Malam Idi, ya zo ya ce yana so ya kai mota Bazaga ya kwaso waken da ya rage a rumbunan mutane. Ta ce, "Ba ka zuwa. Hanya ta ɓaci. In ka kahe wa ka hidda ka?" Na ce a raina, ga wani an turke. Amma Malam Idi ko fuskarsa ba ta canja ba. Ya fita ya sha shayi a gindin itacen bedi, ya yi magana da wasu, ya dawo ya sake durƙusawa. Ya ce zai tsayar da mota inda ƙasa ke da ƙarfi, masu amalanke su fito masa da buhunan, kuma ya san wanda zai haɗa masa su. Hajiya ta sa hannu ƙarƙashin tabarma ta jefa masa makulli. Kafin la'asar na ga an yi haka da mai son canja wa mota inji, da matar da ke son a ɗaukar mata kaya zuwa Sakkwato. Kowa a'a ya fara samu, kuma kowace a'a da tambaya a wutsiyarta. Wanda ya dawo da amsa ya tafi da abin da ya zo nema, wani lokacin har da ƙari. Wanda bai dawo ba, ba a sake tuna shi.

Duk direbobin nan sun san wannan. Ni kaɗai ce mai takardar shaida a zauren, kuma ni kaɗai na ɗauki tambaya a matsayin hukunci, don a lakwal, wato makarantar boko, an saba mana cewa in babba ya yi tambaya bayan ya ce a'a, ado ne kawai na magana.

Da damar ta sake zagayowa na koma. Na ce, "Hajiya, kin tambaye ni wa zai riƙe ta. Na duba ko'ina, ban ga wanda ya fi ki ba."

Ta gutsuri goro ta tauna. Sannan ta ce, "Bara nit tambaye ki, sai bana kis samo amsa? Kuma wai ke ce mai lakwal."

Direbobi suka sunkuyar da kai suna dariya cikin rawani. Ta ce, "Ki yaye ta tukuna, ki kawo ta. Kuma in kin tahi ki yi karatun, kak ki dawo min da rabin takarda."

Haka kika zama Ɗiyar Hajiya. Ta yi fataucinta da ke a baya, kin koyi tafiya kina dafa buhunan albasa, kuma duk hutun da na zo sai in tarar kin fi ni ƙiba. Daga baya, da muka saba, na tambaye ta me ya sa take fara wa kowa da a'a. Ta ce, "In a'ata guda ta koro mutum, jandarman hwarko ma koro shi za ya yi, da kayana cikin mota." Ban taɓa jin an bayyana tsarin ɗaukar ma'aikata a taƙaice haka ba.

Abin da nake so ki riƙe daga wannan kaɗan ne. In an tare ki da tambaya, ki amsa tambayar. Kada ki amsa abin da kike zaton ana nufi, kada ki amsa wa duk tsofaffin duniya a kan mutum ɗaya. An ce ina za ki kwana, ki faɗi inda za ki kwana.

Kuskurena na biyu kishiyar wannan ne, kuma ya fi shi tsada, don ya zo da fara'a.

Bayan na gama karatu aka tura ni wata makaranta a wani ƙauye cikin yankin Malbaza. Na samo littattafan karatu na yara daga hannun ƙawaye, katan-katan, ina so in buɗe ɗan ɗakin karatu. Akwai ɗaki a ƙarshen ginin, kullum a kulle. Na je wurin dirakta, mutum mai tsabta, mai murmushi, ya miƙe tsaye ya ba ni kujera. Ya ce, "Ba matsala, Madam. Wannan ai ci gaba ne." Na fito ina cewa ga wayayyen mutum, ina ma Hajiya ta zo ta ga yadda ake karɓar shawara. Makulli dai yana hannun wani malami da ya yi tafiya. Da malamin ya dawo, ashe ya ba mai gadi. Mai gadi kuma ya bar shi a aljihun rigar da ya kai wanki garinsu. Kowane lokaci dirakta yana tayar mini da hankali a madadina, yana girgiza kai, yana cewa mutanenmu ba su son ci gaba. Aka yi hutu aka dawo, aka sake yin wani. Littattafan suna ɗakina, gara ta fara karanta na ƙasa.

A lokacin na ce zagon ƙasa ake yi mini, kuma wannan ma ban faɗa daidai ba. Zago gara ce babba, mai cin gini ta ƙarƙashi har ya zube ba a ga mai rushe shi ba. Zagon ƙasa aiki ne, yana son ƙwazo da mugun nufi. Mutumin nan ba ya nufina da sharri, bai ma damu da ni ba har ya ƙi ni. Abin da yake yi jan ƙafa ne: ba ya hanawa, ba ya bayarwa, yana jira in gaji. Kuma jan ƙafa ya ishe shi daƙile abu, wato a kashe shi tun bai tsiro ba, yadda ba wanda zai ce ga ranar da ya mutu balle a yi ta'aziyya.

Hajiya ta biyo ta wurina wata Laraba, tana dawowa daga sayen albasa a Galmi. Ta ga katan-katan, ta tambaya, na ba ta labari. Ta ce in raka ta. Ta zagaya ginin a hankali da sandarta, ta tsaya jim kaɗan a bakin ɗakin da ke kulle, sannan ta sa aka ɗauko mata kujera ta dasa ta a tsakiyar ƙofar buron dirakta, wato ofishinsa, yadda ba mai shiga ba mai fita. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyayensa, don ta san garinsu.

Sannan ta ce, "Malam, ɗakin can. Ka ce awo ko ka ce a'a. Ni yau ban da wurin zuwa."

Ya ce, "Ai Hajiya ba matsala, makullin ne kawai..."

Ta ce, "Ban tambaye ka matsala ba. Awo, ko a'a?"

Ya dubi taga, ya dubi ni, ya dubi ƙofar da ta cika. Ya ce a'a, cikin ƙaramar murya. Ta ce, "Madalla, yanzu mun hwara magana. Tun daga bakin ƙohwa nij ji warin albasa. Taka ce?"

Tasa ce. Noman rani yake yi, ya rasa inda zai ajiye, ya zuba ta a ɗakin makaranta yana jiran ta yi daraja. Ni na daɗe ina wucewa ta wurin ina jin warin, na ɗauka daga gidajen maƙwabta ne. Na buɗe baki zan fara jawabi, wannan karon duka da Faransanci, Hajiya ta ɗaga mini yatsa. Ta ce masa albasa ba ta son ɗakin siminti, ruɓewa take yi, ita tana da rudu a Konni, irin rumbun karan nan da iska ke ratsawa, gobe mota za ta zo ta kai masa ita can. Ya yi godiya kamar wanda aka sauke wa kaya, kuma na yi imani hakan ne. Makullin da ya tafi wanki ya fito daga aljihun teburinsa. Har na bar makarantar muna gaisawa da shi lafiya, shi ne ma ya sa aka yi mana kantoci.

Wannan ne abin da ya fi burge ni game da ita. Ta tare ƙofa don magana ta fito, da ta fito kuma ta buɗe wa mutumin hanyar da zai bi ba tare da ya zubar da girmansa ba. Ni da na so in kama shi ne. Ita ɗakin take so.

Don haka, a inda za ki, ki fi jin tsoron "to" a kan "a'a". Za ki tara manoma a gindin itace ki ce a jera duwatsu a gonaki. Wasu za su ce, "To, madalla, Allah ya saka," su raka ki har bakin mota. Ki koma bayan kwana biyu ki duba ko dutse ɗaya ya motsa. Wani tsoho kuma zai miƙe a gaban kowa ya ce ba ya yi, ya ce wa zai ɗauko duwatsun, jakinsa ɗaya ne kuma ya tsufa. Ranki zai ɓaci, za ki so ki rubuta a rahotonki cewa shi ne matsalar garin. Ki bi shi gida. Shi ne kaɗai ya ɗauki maganarki da nauyin da har ya auna ta da jakinsa.

Kuma kada ki manta ke ma aikin tarewa aka ɗauke ki. Ke ce kika zaunar da ni bara kina yi mini bayani da cokula a kan tabarma, cewa jerin duwatsun nan ba a shafe shi da siminti. Kika ce in an toshe wa ruwa hanya gaba ɗaya, zai taru ya fasa ta wani wuri ya tafi da ƙasar. Amma in an datse shi aka bar masa 'yan kafofi, sai ya rage gudu, ya zauna, ya shiga ƙasa, ya ajiye abin da ya ɗauko. Na ji daɗin yadda kika raba toshewa da datsewa ba tare da kin duba littafi ba. Na ce a raina yarinyar nan ta san kalmominta. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, kin fi ni sanin duwatsu.

Kada ki ɗauka ina cewa hanyar Gwaggonki ba ta da aibi. Tana da shi, kuma sunansa Bashiru.

Kin san ɗanta Bashiru a matsayin baƙon da ke zuwa daga Sakkwato in an yi rasuwa, ya zauna a kujerar baƙi, ya ci abinci a zaure, ya koma a ranar. Ba haka yake ba da. Shi ne wanda ya fi kama da ita cikin 'ya'yanta, har taurin kan. Ya zo mata wata rana ya ce yana so ya kafa nasa sufurin a can. Ta ce, "Ba ka zuwa. Wa kas sani can?" Ya ga direbobi suna samun wannan a'ar tun yana yaro, amma bai taɓa zaton shi ma za a yi masa ita ba. Abin da direba ke ɗauka ya fita ya sha shayi ya dawo, ɗa yana ɗaukarsa a zuciya. Ya tafi bai yi sallama ba. Abin da bai sani ba shi ne tun kafin ya buɗe baki ta ji ƙishin-ƙishin, ta ware masa mota, wadda ta fi sauran lafiya, ta sa an canja mata tayoyi. Motar ta zauna a bayan gida tana jiran ya dawo da sunan mutum ɗaya da ya sani a Sakkwato. Duk gidan mun san da ita. Hajiya ta ce kada a gaya masa, muka yi shiru don girmamawa. Ya yi arziki a can da ƙarfin kansa, Allah ya ƙara masa, amma igiyar ta bar masa tabo, ita ma ta bar mata. Ban taɓa ji ta ce ta yi kuskure ba. Na dai lura tun daga lokacin ba ta bari a ajiye mota a wannan gefen gidan.

Jiya kafin magariba, bayan kin gama gaya mini ba za ki bi ta gidanta ba, ni na bi. Ba ta zaure. Kin san yanzu ƙafafun ba su barinta ta wuni a can. Na same ta a ɗaki kwance, rediyo a kashe. A bayan ƙofa akwai sabuwar katifa a naɗe, da gidan sauro cikin ledarsa, da ƙaramin murhun gas, da bokiti cike da kayan miya. Na ce, "Hajiya, kayan wa?" Ta ce na baƙi ne. Na ce waɗanne baƙi. Ta ce, "Ke jandarma ce?" Matar da ke yi mata aiki ta raɗa mini a tsakar gida cewa tun ranar da takardar aikinki ta fito take aika a sayo su ɗaya-ɗaya, kuma ta sa an kira mata wata tsohuwar abokiyar cinikinta a Badaguishiri, sun daɗe suna magana a kan unguwanni da wace rijiya ce ruwanta ya fi daɗi.

Mun yi hirar ƙafafu da tsadar magani. Da na tashi tafiya ta ce, ba ta dube ni ba, "Ta ci abinci?" Na ce kin ci. Ta ce, "Kak ki hwaɗa mata. In ta zo don katihwa, ba zuwa ta yi ba."

Na ce mata to. Kin dai san yanzu wane irin "to" ne.

Na saɓa mata, kuma wannan ne karo na farko tun da na shigo gidan nan. In ta gane, ni da ita ne, kuma za ta gane, don ba a taɓa ɓoye mata komai ya kwana biyu ba. Na zaɓi fushinta a kan in sake ganin kaya a bayan ƙofa suna jiran wanda ba zai zo ba. Ta tsufa, Ɗiyar Hajiya. Ba ta da shekarun jira irin waɗanda ta kashe a kan Bashiru, kuma ba za ta canja hali a wannan shekarun don ɗiyar zamani ta yi fushi ba. Ita haka ta iya ƙauna: ta tsaya a hanya ta ga ko kin shirya.

Kuma kin shirya, abin haushin ke nan. Kina da amsar tun makon jiya. Kin gaya mini Madam Zalika, wadda za ki yi aiki a ƙarƙashinta, ta ba ki ɗaki a gidanta, ita da 'ya'yanta, kusa da kasuwa. Jimla ɗaya ce. Kin tsaya kina yi wa zamani jawabi alhali amsar tana cikin jakarki. Ban yi mamaki ba, na san inda kika gado.

In kin je, kada ki yi dogon ban haƙuri, ba ta son sa, tana cewa ɓata wa mutane rana ne. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Gwaggo, kin tambaye ni inda zan kwana," ki faɗa mata. Za ta ce wace ce Zalika, ɗiyar wa ce, mijinta fa. Ki amsa abin da kika sani, wanda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, za ki tambaya. Wataƙila ta yi miki gori a gaban mutane, ki bar ta, haƙƙinta ne, a gabansu kika yi naki. Kuma don Allah kada idonki ya je bayan ƙofa.

In kuma kin ƙi, ba zan tsaya miki a hanya ba. Ban iya ba. Tarewa irin tata tana son mutum ya yarda a ƙi shi na ɗan lokaci, ni kuwa ban taɓa samun wannan ƙarfin ba, shi ya sa nake rubutu. Al'ada ta hana ni raka ki tasha, kuma yau ni da al'ada bakinmu ɗaya, don ban san abin da fuskata za ta yi a can ba.

Allah ya kiyaye hanya. Allah ya raba ki da cikas ɗin da ba shi da fuska, ya tsare ki daga masu zagon ƙasa da masu murmushin jan ƙafa, ya haɗa ki da masu ce miki a'a a gabanki. Allah ya ba da damina mai albarka a gonakin da za ki taɓa, ya dawo mana da ke lafiya. Babanki yana gaishe ki, ya ce zai same ki a tasha. Ki kira in kin sauka.

Na ji kin ajiye bokiti, kin kusa fitowa daga wanka. Mota ba ta tashi sai hantsi, kuma Gwaggonki ta sa an buɗe zaure tun asuba. Zan ɗora wannan a kan akwatinki in wuce lakwal, 'yan aji suna jirana. Ƙofar gida ja kawai zan yi, ba zan sa makulli ba.

Mahaifiyarki.